Nana Asma'u da hidimar marasa lafiya a gida

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan.

Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da yaƙi, ta ga marayu da matan da mazansu suka rasu. Ta auri Gidaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. A 1839 ta wallafa Tabshirul Ikhwan, littafi a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani.

Babban aikinta shi ne kafa ƴan taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Jaji kan jagoranci mata daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da waɗanda ba su sami zuwa ba. A marsiyyar da ta yi wa wata mata mai suna Zaharatu, ta yaba mata saboda karɓar haihuwa da wankan gawa da koyar da jahilai. Ta haka ta nuna cewa hidimar mai rauni aiki ne mai daraja.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Sakkwato kusa da kabarin mahaifinta.

Masu jinya a gidajen Madawa da Buza da Keita magadan wannan aiki ne. Mai jinya ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa majinyaci da kuma bayan ta gama. Ta riƙa juya wanda ba ya iya tashi duk bayan awa 2, don kada gyambo ya fito masa. Ta ba shi ruwa mai tsabta, ta kwantar da shi cikin gidan sauro. Kada ta ba shi maganin da likita bai rubuta ba. In zazzaɓi ya yi tsanani ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti nan da nan. Ta kuma rufa masa asiri, gama mutuncinsa amana ne a hannunta.