Yasuke: Ɗan Afirkan da ya riƙe takobi a fadar Jafan

Daga Gumel har Maigatari, da wuya ka shiga shagon tura fina-finai a waya ka rasa katun ɗin Jafan da ake kira anime. Cikin jaruman da waɗannan fina-finai da wasannin gem suka shahara da su akwai wani baƙar fata mai suna Yasuke. Ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Mutum ne da ya rayu sama da shekara 400 da suka wuce.

Yasuke ya sauka Jafan a 1579 yana yi wa wani limamin Kirista ɗan Italiya, Alessandro Valignano, hidima. Wani littafi da aka buga a Faransa a 1627 ya ce daga Mozambik ya fito.

A lokacin Jafan na fama da yaƙe-yaƙe tsakanin masu riƙe da yankuna, kuma wanda ya fi kowa ƙarfi shi ne Oda Nobunaga. A watan Maris na 1581 Valignano ya isa birnin Kyoto da Yasuke. Jama'a suka yi ta turereniya don su gan shi, har labari ya kai kunnen Nobunaga, ya sa a kawo masa shi.

Nobunaga ya zaci tawada aka shafa masa, sai ya sa aka wanke jikinsa. Da ya tabbatar launin fatarsa ke nan, sai ya karɓe shi daga hannun Valignano, ya raɗa masa suna Yasuke. Marubucin tarihin Nobunaga, Ota Gyuichi, ya ƙiyasta shekarunsa 26 ko 27, ya kuma kwatanta ƙarfinsa da na mutum goma. An ba shi gida da albashi da gajeren takobi, wani lokaci kuma shi ke ɗaukar kayan ubangidansa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai sanin sarautar ƙasar Hausa. A Kano, bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sun riƙe manyan al'amuran fada, saboda sarki ya fi amincewa da wanda ba ya neman gadon sarauta.

Ɗaukakar Yasuke ba ta wuce wata 15 ba. A watan Yunin 1582 wani babban kwamandan Nobunaga, Akechi Mitsuhide, ya ci amanarsa, ya kewaye shi a gidan ibadar Honnoji da ke Kyoto. Da Nobunaga ya ga ba mafita, ya kashe kansa bisa al'adar mayaƙansu. Yasuke bai gudu ba. Ya nufi inda ɗan ubangidansa Nobutada yake, ya ci gaba da faɗa har aka karɓe takobinsa.

Mitsuhide bai kashe shi ba. Kamar yadda limamin Fotugal Luis Frois ya ruwaito, ya ɗauke shi tamkar dabbar da ba ta san komai ba, kuma ba ɗan Jafan ba, don haka ya mayar da shi majami'ar limaman Kyoto. Daga nan sunansa ya ɓace daga rubuce-rubucen zamanin.

Wannan giɓin ne masu shirya fim da gem ke cikewa. A 2021 Netflix ta fitar da anime mai sunansa, inda aka sa shi yaƙi da matsafa da mutum-mutumi. A 2025 kamfanin Ubisoft ya sa shi cikin jaruman gem ɗin Assassin's Creed Shadows, abin da ya tayar da zazzafar muhawara kan ko ya cancanci a kira shi samurai, wato ɗan rukunin mayaƙan Jafan.

Matashin da ke kallonsa a waya yana da kyau ya raba tsakanin ƙirƙira da tarihi. Tsafin na masu fim ne. Abin da aka rubuta a zamaninsa shi ne: baƙo ne daga Afirka da aka ba amana a fada mafi ƙarfi a Jafan, kuma ya riƙe ta ranar da babban kwamandan gidan ya juya baya.