Tarihin Abubakar Imam, marubucin Magana Jari Ce

An haifi Alhaji Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, don haka ya fara da karatun allo da littattafan addini kafin a sa shi makarantar boko.

A shekarar 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta yaye da yawa daga cikin shugabannin Arewa na farko, ciki har da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Da ya kammala a 1932 sai aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Yana cikin wannan aiki ne, a 1933, wani Bature mai suna Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Aikin bai zo da sauƙi ba, domin malaman wancan zamani sun saba da rubuta waƙoƙin wa'azi da ajami, tatsuniya kuwa abin mata da yara ce a wurinsu, ba abin da mai ilimi zai ɓata tawada a kansa ba.

Littattafai biyar ne suka fito daga wannan yunƙuri. Akwai Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Na Abubakar Imam shi ne Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da ya tafi neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, suna ta shirya wa juna makirci da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. A lokacin shekarunsa 22 kacal.

East ya ga abin da yake nema. A 1936 ya aro shi daga Katsina zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labarai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm. Cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga a littattafai uku.

A nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Wani aku ne ke ba Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, labari bayan labari don ya hana shi fita fada ya faɗa tarkon Waziri maci amana, har Sarki ya dawo daga yaƙi. A littafi na uku kuma akun ya koma malami: yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake tsara labari, yana gyara masa kurakurai. Wanda ya karanta wannan sashe da idon basira zai ga cewa darasin rubutu ne Imam ya ɓoye a bakin tsuntsu, kuma tsohon malamin makarantar Midil bai ajiye allinsa ba.

To sai dai wannan aro ya jawo muhawara. Wasu masana, ciki har da Farfesa Ibrahim Malumfashi, sun bi diddigin labaran zuwa tushensu, kuma akwai masu ganin cewa aikin ya fi kusa da fassara. Amma aron labari ba sabon abu ba ne a adabin duniya, kuma abin dubawa shi ne yadda ya mayar da baƙon labari ɗan gida: alƙali da dogari, da kasuwa da zaure, da barkwancin da Bahaushe kaɗai zai kama shi nan take. Yara da yawa sun karance littafin a makarantun Kano da Katsina da Sakkwato ba tare da sun taɓa zaton cewa wani labarin daga Jamus ya taso ba.

A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, aka kuma naɗa shi editanta na Hausa. Ta wannan jarida ce jama'ar Arewa suka bi labarin Yaƙin Duniya na Biyu da harshensu, kuma a shafinta na wasiƙu ne matasa 'yan boko suka koyi bayyana ra'ayi a rubuce.

A 1943 ya tafi Ingila tare da tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, wadda Nnamdi Azikiwe ke cikinta. A can ya gana da Lugard, ya gaya masa ƙorafe-ƙorafen matasan Arewa masu ilimi game da mulkin En'e. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Daga baya ya taɓa siyasa, ya zauna a majalisar dokoki a farkon shekarun 1950, sannan ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Rubuce-rubucensa na wannan lokaci sun fi karkata ga addini da tarihin Musulunci, bai kuma sake fito da wani ƙagaggen labari mai girman Magana Jari Ce ba.

Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga watan Yunin 1981, yana da shekaru 70. A 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tace.