ADRIAN HILL, WANDA YA SHIGAR DA ZANE CIKIN AIKIN ASIBITI

Yau muna so mu ba masu karatunmu tarihin wani Baturen Ingila, Adrian Hill, wanda ciwo ya zama sanadin da ya buɗe wa mutane wata sana'a sabuwa.

An haife shi a Landan cikin 1895, ya kuwa koyi zane tun yana saurayi. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi sai ya shiga soja, cikin 1917 kuma aka ɗora masa aikin zana abin da idonsa ya gani a bakin daga a Faransa, don a ajiye a gidan tarihin yaƙi.

Cikin 1938 tarin fuka ya kwantar da shi a asibitin Sarki Edward na Bakwai da ke Midhurst. A zamanin nan ba a samu maganin wannan cuta ba tukuna, abin da likita ke iya yi shi ne ya sa majinyaci ya kwanta wata da watanni yana shan iska mai kyau. Zaman kaɗaici da zullumi su kan karya zuciyar mutum tun cutar ba ta gama da jikinsa ba. Hill ya ɗauki fensir ya riƙa zana abubuwan da ke kusa da gadonsa, ya ga hankalinsa ya kwanta. Da ya sami sauƙi aka roƙe shi ya koya wa sauran majinyata, har da sojojin da suka komo da rauni daga Yaƙin Hitila. Cikin 1942 ya raɗa wa wannan aiki suna, watau jinya ta hanyar zane, cikin 1945 kuma ya buga littafi a kansa. Abin da ya nace a kai shi ne, ba gwaninta ake nema ba, so ake mara lafiya ya fitar da abin da ke cin ransa a kan takarda.

Wasu suka bi sawunsa. Cikin 1946 Edward Adamson ya fara irin wannan aiki a Netherne, asibitin masu taɓin hankali. Amma an daɗe ana ganin abin kamar wasa ne na rage dare, masu yinsa ba su da matsayi sananne cikin ma'aikatan asibiti. Sai cikin 1964 suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, Hill ya zama shugabanta. Ya mutu cikin 1977, shekara 20 kafin hukuma ta sa sana'ar cikin rajistar ma'aikatan lafiya a 1997.

Muna jan hankalin malaman makaranta musamman, kada su raina lokacin zane cikin jadawali. Sau da yawa yaron da nauyin baki ya hana shi faɗin damuwarsa ya kan nuna ta da fensir, in ya sami mai dubawa.