Tarihin Willem de Kooning, Mai Zanen da Ciwon Mantuwa Bai Ƙwace wa Burushi Ba

Gabatarwa

Idan tsoho ya fara manta sunayen 'ya'yansa, akan ce gigin tsufa ya kama shi, sai a kai shi ɗaki a ajiye. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihin wani shahararren mai zane wanda iyalinsa ba su ajiye shi ba, domin mu ga darasin da ke ciki.

Haihuwarsa da Tashinsa

An haifi Willem de Kooning ranar 24 ga Afrilu, 1904, a birnin Rotterdam na ƙasar Holan. Iyayensa sun rabu tun yana ƙarami. Yana ɗan shekara 12 aka sa shi koyon aiki a wani kamfanin fenti da ƙawata gidaje, da dare kuma yana zuwa makarantar koyon zane. A 1926 ya ɓuya cikin jirgin ruwa ya shiga Amurka ba tare da takardu ba. Da fentin gidaje ya fara neman abinci kafin ya zauna a birnin New York.

Shahararsa

A 1943 ya auri Elaine Fried, ita ma mai zane ce. Sai a 1948 ya yi baje kolin zane-zanensa shi kaɗai karo na farko, yana da shekara 44. Daga nan sunansa ya fito cikin jagororin wani sabon salo wanda ba ya kwaikwayon kamannin abu sak, yana nuna abin da ke zuciyar mai zane ne ta hanyar launi da motsin hannu. Sai dai shan barasa ya yi masa illa ƙwarai. Elaine, wadda suka daɗe ba sa tare, ta dawo a shekarun 1970 ta taimaka masa ya daina.

Shekarun Rashin Lafiya

A shekarun 1980 mantuwa ta fara damunsa, daga baya likitoci suka danganta ta da cutar Alzheimer. Wannan cuta takan fara lalata sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sababbin abubuwa, shi ya sa mutum zai manta abin da ya ci da safe. Amma aikin da hannu ya saba da shi shekara da shekaru yakan daɗe bai gushe ba. Haka ta faru da de Kooning. Matarsa da mataimakansa suka tsara masa wurin aiki, suna tanadar masa ƙyalle da fenti, shi kuma ya ci gaba da zane. Salonsa ya sauya: ya rage cunkoso, ya koma jan siraran layuka ja da shuɗi da rawaya a kan fari.

Elaine ta rasu a 1989. A shekarar ce kotu ta damƙa kula da dukiyarsa ga 'yarsa Lisa da wani lauya, domin ba ya iya tafiyar da ita. A shekarar dai aka sayar da wani tsohon zanensa a kan dala miliyan 20 da ɗoriya. Ba da daɗewa ba ya daina zane baki ɗaya. Ya rasu ranar 19 ga Maris, 1997, yana da shekara 92.

Masana sun yi saɓani kan zane-zanensa na ƙarshe. Wasu na ganin alamar ciwo ce kawai, har suna zargin mataimakansa da sa hannu fiye da kima. Wasu kuwa na ganin ƙwarewa ce ta kai matuƙa.

Kammalawa

Zane bai warkar da de Kooning ba, domin cutar ba ta da maganin warkewa. Amma ya ba shi abin yi da hanyar bayyana kansa a lokacin da magana take ƙwace masa. A kan wannan fahimta ce masu jinya ta hanyar zane suke aiki da masu ciwon mantuwa. Mu ma idan muna da tsoho a gida wanda ya iya saƙa ko ɗinki, kada mu yi saurin ɗauke masa kayan aikinsa.