Charles Huggins: Likitan da ya gano abin da ke ciyar da kansar furosteit

Kafin shekarar 1941, idan kansar furosteit ta bazu zuwa ƙasusuwan mutum, abin da ya rage wa likita shi ne ba shi maganin rage raɗaɗi. Akasarin masana na wancan zamani sun ɗauka cewa ƙwayoyin kansa ba su dogara da komai a jiki ba, kuma babu abin da ke tsayar da su sai wuƙar tiyata ko gashi. Charles Brenton Huggins ne ya nuna cewa wata kansar tana rayuwa ne a kan sinadaran da jikin mai ita ke samarwa.

Daga Halifax zuwa Chicago

An haife shi ranar 22 ga Satumban 1901 a birnin Halifax na Kanada, mahaifinsa kuwa mai haɗa magunguna ne. Ya kammala digirin farko a Jami'ar Acadia a 1920, ya samu shaidar zama likita daga Harvard a 1924, sannan ya koyi aikin tiyata a Jami'ar Michigan. A can ya haɗu da Margaret Wellman, ma'aikaciyar jinya, wadda ya aura a 1927.

A shekarar ce kuma ya koma Jami'ar Chicago, inda aka buɗe sabon asibitin koyarwa. Shugaban sashen tiyata, Dallas Phemister, ya ɗora masa kula da cututtukan mafitsara da hanyoyin fitsari, fannin da bai taɓa ƙwarewa a kai ba. Huggins ya karɓi aikin, ya koyar da kansa, kuma bai bar jami'ar ba har ƙarshen rayuwarsa.

Darasi daga karnuka

Furosteit wani ɗan ƙululu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kewaye da hanyar fitsari, kuma yana samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Kusancinsa da mafitsara ya sa mutane da yawa ke kiran cutarsa kansar mafitsara, ko da yake gaɓoɓin biyu daban suke.

Tun a ƙarni na 18 likitan Birtaniya John Hunter ya lura cewa wannan ƙululu yana motsewa a jikin dabbar da aka fiɗiye. A ƙarshen shekarun 1930 Huggins ya koma kan batun da ma'auni. Ya yi wa karnuka tiyatar da ta ba shi damar tara ruwan furosteit zalla, ba tare da fitsari ya gauraya da shi ba. Ya ga cewa idan aka cire ƴaƴan maraina, ƙululun yana ƙanƙancewa, ruwan kuma yana ƙafewa. Idan aka yi wa karen allurar testosteron, wato sinadarin mazantaka, komai sai ya dawo. Idan kuwa aka ba shi istirojin, sinadarin da ya fi yawa a jikin mata, ƙululun sai ya sake motsewa.

Sinadaran biyu suna cikin dangin homon da ake kira sitirod, waɗanda jiki ke haɗawa daga kolestarol, jini kuma ya kai su gaɓoɓin da ke jin umarninsu. Tsofaffin karnuka na fama da kumburin furosteit kamar tsofaffin maza, kuma Huggins ya ga kumburin nasu yana sacewa ta wannan hanya. Tambayar da ta rage ita ce ko ƙwayar da ta rikiɗa ta zama kansa tana ci gaba da jin wannan umarni.

Shekarar 1941

Don samun amsa yana buƙatar abin aunawa. Masu bincike a New York, Alexander da Ethel Gutman, sun riga sun nuna cewa wani sinadari mai suna asid fosfatas yana hauhawa a jinin wanda kansar furosteit ta bazu a ƙasusuwansa. Huggins da ɗalibinsa Clarence Hodges suka riƙa auna shi a jinin majinyata. Bayan cire ƴaƴan maraina ko ba da istirojin, ma'aunin ya faɗi. Da aka yi allurar testosteron, ya tashi. Sun wallafa sakamakon a mujallar Cancer Research a 1941.

A gadon asibiti ma an ga sauyi. Mazan da ciwon ƙashi ya kwantar sun samu sauƙi, sun fara cin abinci, wasu sun miƙe sun koma harkokinsu. Istirojin ɗin da aka yi amfani da shi, stilbestrol, an haɗa shi ne a Birtaniya a 1938, kuma yana cikin magungunan farko da suka yi tasiri a kan kansar da ta riga ta bazu.

Nasarar da ba ta cika ba

Huggins bai ɓoye iyakar abin da ya gano ba. Cikin majinyata 21 na farko da aka yi wa tiyatar, huɗu ne suka wuce shekara 12 a raye. A jikin mafi yawansu cutar ta lafa na wani lokaci, sannan ta dawo. Ya yi zargin cewa ƙululun adirinal da ke saman ƙoda yana ci gaba da samar da sinadaran mazantaka, don haka a 1945 ya gwada cire shi, amma majinyatan ba su daɗe ba, domin jiki ba ya rayuwa babu homon ɗin adirinal. Sai bayan samuwar maganin kotizon ya koma ga wannan tiyata a farkon shekarun 1950, har da masu kansar mama. A shekarun 1960 kuma binciken da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya nuna cewa istirojin mai yawa yana haddasa ciwon zuciya da daskarewar jini.

Ya jagoranci cibiyar binciken kansa ta Ben May daga 1951 zuwa 1969. A 1966 aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Peyton Rous. Ya rasu a Chicago ranar 12 ga Janairun 1997 yana da shekara 95.

Abin da ya bari

Har yau rage testosteron shi ne ginshiƙin maganin kansar furosteit da ta bazu. Allurai da ke hana ƴaƴan maraina samar da sinadarin sun maye gurbin wuƙa a ƙasashe da dama tun shekarun 1980. Maganin abiraterone, wanda aka amince da shi a 2011, yana toshe samar da sinadarin har a adirinal, abin da Huggins ya nema da tiyata. Maganin yana da nasa nauyi: raguwar sha'awa, raunin ƙashi da kasala.

Batun ya shafi baƙar fata kai tsaye. A Birtaniya an ƙiyasta cewa ɗaya cikin maza baƙaƙe huɗu zai kamu da cutar a rayuwarsa, ninki biyu na sauran maza. A Najeriya ita ce kansar da ta fi yawa a tsakanin maza, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ta kai ƙashi, matakin da majinyatan Huggins suke kai a 1941. Saboda tsadar allurai, tiyatar cire ƴaƴan maraina na nan cikin abin da likitoci ke yi a asibitocin nahiyar Afirka. Idan kuwa aka gano cutar tun tana cikin furosteit, tiyata ko gashi na iya warkar da ita gaba ɗaya.