Imamu Gazali da alkawura uku da ya ɗauka a kabarin Annabi Ibrahim

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A shekara ta 488 bayan hijira, wato 1095, babu malamin da ya kai Abu Hamid Muhammadu ɗan Muhammadu Algazali suna a Bagadaza. Shi ke kan kujerar karantarwa ta makarantar Nizamiyya, ɗalibai wajen ɗari uku suna zama gabansa, fadar halifa tana neman alƙalaminsa, alhali bai cika shekara arba'in ba. A cikin wannan shekarar ce ya zauna wata rana zai ba da karatu, harshensa ya ƙi motsi. Ya yi ta ƙoƙari don ya faranta wa ɗalibai rai, ko kalma ɗaya ba ta fita. Abinci ya daina narke masa, ƙarfinsa ya ƙare, likitoci suka duba suka ce ciwon daga zuciya ya taso, ba su da maganinsa.

An haife shi a Ɗus, cikin ƙasar Hurasan da ke Iran ta yau, a shekara ta 450. Mahaifinsa talaka ne, ya rasu ya bar shi da ƙanensa Ahmad a hannun wani amininsa sufi. Da ɗan abin da uban ya bari ya ƙare, mutumin ya ba su shawara su shiga makarantar da ake ciyar da ɗalibai. To ka ji mafarin karatun Hujjatul Islam: yunwa ce ta kai shi, kuma shi da kansa bai ɓoye haka ba. Daga baya ya zauna gaban Imamul Haramaini Juwaini a Naisaburi har malamin ya rasu a 478. Sai ya tafi majalisar waziri Nizamul Mulki, inda malamai ke taruwa suna muƙabala. A can ya riƙa kayar da manya da hujja, shi ya sa waziri ya naɗa shi a Nizamiyya ta Bagadaza a 484.

Ciwon harshen ba daga sama ya faɗo ba. Tun watan Rajab yake cikin wani bincike da ya ba da labarinsa a littafinsa Almunƙizu minad Dalal. Ya riga ya karanta littattafan sufaye, irin su Ƙutul Ƙulubi na Abu Ɗalib Almakki da na Harisu Almuhasibi, har ya gane cewa abin da ya rage masa a wannan hanya ba a samunsa da karatu, sai da ɗanɗano da canjin hali. Sai ya juya kan kansa. Ya dubi zamansa, ya ga duniya ta ɗaure shi ta ko'ina. Ya dubi mafi kyawun aikinsa, wato karantarwa, ya ga yawancin abin da yake koyarwa ba ya amfanar mai tafiya lahira. Sannan ya dubi niyyarsa, ya tarar ba ta Allah ba ce tsantsa, son matsayi da yaɗuwar suna ne ke tura shi.

Abin lura shi ne inda ya fara. Bai tambayi kansa me ya yi imani da shi ba, domin wannan amsar tana bakin kowa. A tambayi ɗalibin jami'a ko almajirin zawiya don me yake karatu, kafin a rufe baki zai ce don Allah. Imamu Gazali ya bi ta wata ƙofar: ya duba inda lokacinsa ke tafiya, da abin da ke sa shi murna, da abin da yake tsoron rasawa. Kuma bai tuhumi zunubansa kaɗai ba, aikin da mutane ke yaba masa a kai shi ya fi tuhuma. Wannan ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Gane gaskiya bai sa ya tashi nan take ba. Kusan wata shida ya yi yana ƙulla niyyar tafiya da safe, kafin yamma sha'awar matsayi ta warware ta. Sai da harshe ya kulle sannan ya yanke. A watan Zulƙida ya fita Bagadaza, ya nuna Makka zai je alhali Sham ya nufa, don kada halifa da abokai su tsare shi. Ya rabar da dukiyarsa, ya bar abin da zai riƙe iyali kawai. Mutanen nesa suka ɗauka tsoron masu mulki ne ya kore shi. Na kusa kuwa, da suka ga yadda masu mulkin ke riƙe shi, sai suka ce kambun baka ne ya sami Musulunci. Kusan babu wanda ya kawo cewa mutum zai iya barin irin wannan kujera don addini.

Ya yi halwa a Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya rufe ƙofa wuni guda. Ya je Ƙudus, sannan ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim, alaihis salam, a garin Halil kafin ya wuce aikin hajji. A nan ya ɗauki alkawura uku: ba zai ƙara zuwa wurin sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai ƙara shiga muƙabala ba.

Alkawuran ƴan kaɗan ne, kuma kowanne ana iya gane ranar da aka karya shi. Wanda ya yi alkawarin zama mai ihlasi yana iya yaudarar kansa shekara talatin, amma wanda ya ce ba zai karɓi kuɗin wane ba, ranar da aka miƙo masa ya sani. Sa'annan ba aro su ya yi daga wani waliyyi ba. Ƙofofi ukun nan su ne ainihin inda cutarsa ta shigo, musamman muƙabala, wadda ita ta ɗaga shi tun farko. Duk wanda ya karanta Kitabul Ilmi a farkon Ihya'u Ulumid Din ya ga yadda ya jera ɓarnarta, da hassada da girman kai da gaba da riya, zai ji cewa mai maganar ya taɓa zama a ciki.

Alkawari kuwa sai an jarraba shi. Kiran ƴaƴansa ya maido shi gida, ya zauna a Ɗus. A 499, waziri Fahrul Mulki, ɗan wancan wazirin, ya matsa masa ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisaburi. Bai amince da ra'ayinsa shi kaɗai ba, ya shawarci ma'abota zukata, suka ga ya fita. Ya fita bayan shekara goma sha ɗaya. Mai suka yana iya cewa ai ya koma inda ya gudo, kuma tambayar tana da wuri. Amsar da shi ya bayar ita ce, da yana yaɗa ilimin da ake neman matsayi da shi, yanzu kuwa wanda ake barin matsayi da shi yake kira zuwa gare shi. Ko a nan bai yanke wa kansa hukuncin tsarki ba, ya bar sakamakon ga Allah. Da maƙiya suka kai ƙararsa wurin sarki Sanjar, ya rubuta yana neman a ɗauke masa zuwa saboda alkawarinsa, sai da aka tilasta masa sannan ya halarta.

A 504 aka aiko masa ya koma tsohuwar kujerarsa ta Bagadaza. Ya ƙi. Cikin dalilansa akwai ɗaliban da ke gabansa a Ɗus, da iyali, da alkawuran nan uku: a Bagadaza ba a tsere wa muƙabala, ba a ƙin zuwa gaisuwa fadar halifa, kuma ba shi da abin da zai rayu da shi can in ba albashin hukuma ba. Ya ci gaba da zama tsakanin makarantarsa da zawiyar sufaye da ke kusa da gidansa, yana raba lokacinsa tsakanin Alƙur'ani da karantarwa da zama da masu suluki.

Ranar Litinin 14 ga Jimada Ahir, 505, wato Disamba 1111, ƙanensa Ahmad ya ruwaito cewa ya yi alwala ya yi sallar asuba, ya sa aka kawo masa likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe ƙafafunsa ya fuskanci alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sosai. Shekarunsa hamsin da biyar. An binne shi a Ɗabaran, cikin Ɗus. Allah ya ƙara masa yarda.