Ernest Daltroff

Ernest Daltroff (17 ga Nuwamba, 1867 – 3 ga Fabrairu, 1941) Bafaranshe ne mai haɗa turare, kuma shi ya kafa kamfanin Caron. An fi saninsa da Tabac Blond, turaren mata mai ƙamshin jemammiyar fata da taba.

Farkon rayuwa

An haife shi a Sainte-Cécile, a yankin Bourgogne na ƙasar Faransa, cikin iyalin Yahudawa waɗanda asalinsu daga Rasha ne. A shekarar 1904 ya kafa kamfaninsa a birnin Faris, a gida mai lamba 10 kan titin Rue de la Paix. Bai sa wa kamfanin sunansa ba, sai ya riƙe sunan Caron na wani ƙaramin shago da ya saya.

Sana'a

Abokiyar aikinsa ita ce Félicie Wanpouille: shi yana haɗa turare, ita tana tsara kwalabe da kwalaye. Narcisse Noir na 1911 ne ya fara ɗaga sunan kamfanin. Daga baya ya fitar da Nuit de Noël (1922), Bellodgia (1927) da Pour Un Homme (1934), turaren maza.

Tabac Blond

Tabac Blond ya fito a 1919, shekara guda bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ma'anar sunan a Faransanci ita ce taba mai hasken launi, irin wadda ake yin sigarin Amurka da ita. A lokacin, yawancin turarukan mata na furanni ne, ƙamshin fata da taba kuwa ana ɗaukarsa na maza. Amma yaƙin ya shigar da mata ayyukan da a da maza ke yi, wasu har suka fara shan sigari a bainar jama'a. Irin waɗannan mata ne turaren ya dace da su. Daltroff ya gina shi a kan ƙamshin fata mai hayaƙi-hayaƙi, ya sa masa furen carnation mai ƙamshi kamar kanumfari, ya tausasa shi da banila. Ana lissafa shi cikin turarukan fata na farko da suka shahara a wurin mata, domin ya riga Cuir de Russie na kamfanin Chanel fitowa.

Hijira da mutuwa

Da ƙiyayya ga Yahudawa ta tsananta a Turai, Daltroff ya bar Faransa a 1939, ya tafi Amurka. Bai sake komawa gida ba. Ya rasu a New York yana da shekara 73. Wanpouille ce ta riƙe kamfanin a zamanin mamayar Jamus, ta ci gaba da shugabancinsa har 1962.